Ceton Rai A Lokacin Gaggawa: Binciken Likitoci Da Hukuncin Shari'a

 

Darasin wannan mako ya shafi mutumin da ransa ke cikin hatsari nan take, watau kamar matar da ta haihu jini ya ɓalle mata, ko wanda harsashi ko adda ta sama, ko yaron da zazzaɓi ya kai shi ga suma. Za a duba abin da likitoci suka gano cikin shekarun baya-bayan nan game da ceton irin waɗannan mutane, sa'an nan a duba abin da Shari'a ta ɗora wa wanda ke tsaye a kansu. An ɗauki ƙasar Batsari da Safana a matsayin misali, domin a can wannan mas'ala ba ta littafi ba ce kurum.

Ƙananan hukumomin nan biyu suna yammacin Jihar Katsina, sun jingina da Dajin Rugu. Ran 14 ga watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, suka kashe mutum 30. A watan Afrilu na shekarar kuma aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. Jaridu sukan ƙidaya waɗanda suka mutu a wurin, amma ba a cika ƙidaya wanda ya ji rauni aka ɗauko shi ya cika a hanya ba, balle matar da naƙuda ta zo mata da dare alhali ba mai iya fita. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, ba a mayar ba sai a watan Disamba. Mutumin Wagini ko na Runka da matarsa ta shiga hatsari cikin watannin nan, ko mai mota ba shi da halin kira. Asibitin da ke iya ƙarin jini da tiyata kuwa sai an tafi Batsari ko Dutsin-ma, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Katsina.

Tsayar da jini ba sabon al'amari ba ne ga Musulmi. Buhari ya ruwaito cewa a ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, da aka ji wa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) rauni a fuska, Nana Faɗima ce ke wanke jinin, Sayyidina Aliyu yana zuba ruwa. Da ta lura ruwan ba abin da yake yi sai ƙara zubar jinin, sai ta bar wankewa, ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a kan raunin, jini ya tsaya. Abin lura a nan shi ne yadda ta yi: ta gwada hanya, ta duba sakamakonta, ta ga ba ta yi ba, ta sake wata. Binciken likitoci na wannan zamani haka yake, illa dai su suna gwadawa a kan dubban mutane suna rubutawa.

A yaƙin Handak kuma, shekara ta 5, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu. Annabi ya yi umurni a sa shi cikin tantin Rufaida Al'aslamiyya da ke cikin masallaci, don ya riƙa duba shi daga kusa. Rufaida mace ce da ta keɓe kanta ga jinyar masu rauni. Sa'adu ya rayu wasu kwanaki, daga baya raunin ya ɓalle, har mutanen tantin da ke maƙwabtaka suka ga jini yana malalowa wajensu, ya yi wafati. Wannan ya nuna cewa an yi iyakar ƙoƙari ga mutum mai daraja irin tasa, ajali kuma ya zo, ba kuwa wanda ya ce ƙoƙarin ya saɓa wa tawakkali. Bayan ƙarni huɗu, Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, ya bayyana yadda ake danne jijiya da yatsa, da yadda ake ɗaure ta da zare.

To, me aka ƙaro a wannan zamani? Akwai wani magani da ake kira tiraneksamik, wanda wasu masana biyu na Japan, miji da mata, Shosuke da Utako Okamoto, suka fitar a 1962. Aikinsa shi ne hana gudan jinin da ya daskare a bakin rauni narkewa. Ya daɗe a hannun likitoci ba a san iyakar amfaninsa ba, sai da wata makarantar likitanci ta Landan ta shugabanci gwaji a kan mutum 20,211 masu munanan raunuka a ƙasashe 40, aka buga sakamakon a 2010. An ga cewa wanda aka yi wa allurar cikin awa ɗaya da jin rauni, hatsarin mutuwarsa ta dalilin zubar jini yakan ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. In an wuce awa uku kuwa, amfanin ya tafi. Sa'an nan aka sake gwada shi a kan mata 20,060 da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa a ƙasashe 21, Nijeriya tana cikin waɗanda suka fi yawan mata a gwajin. A 2017 sakamako ya fito iri ɗaya da na farko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin shawarwarinta a shekarar. Da masana suka haɗa lissafin gwaje-gwajen biyu, sai suka ga duk jinkirin minti 15 yana rage amfanin maganin da kimanin kashi 10 cikin 100.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan da tafiyar da ke tsakanin ƙauye da gari. Maganin ba mai tsada ba ne, ba ya kuma bukatar firiji. Abin da ke da tsada shi ne lokaci.

Tun tuni aka san haka a Arewa. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka tarar mafi yawan matan da suka mutu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya riga ya lalace. A 1994 wasu masana biyu suka kasa jinkirin da ke kashe mata gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku alhakinsu yana wuyan hukuma, ita za a tambaya game da hanya da tsaro da ma'aikata. Na farko kuwa cikin gida yake aukuwa, sau da yawa kuma da sunan addini ake yinsa, shi ya sa ya zama aikin malamai.

Abu na farko da ke jawo shi, shi ne rashin bambanta jinin biƙi da ɓallewar jini. Jinin biƙi, wanda malaman fiƙihu ke kira nifasi, jini ne na al'ada da ke biyo bayan haihuwa, yana raguwa kullum, mafi tsawonsa a mazhabar Imamu Malik kwana 60. Hukuncinsa sananne ne ga salla da azumi. Amma jinin da ke zuba yana jiƙa zani bayan zani, da manyan gudaji, mace tana jin jiri da ƙishirwa, gumi mai sanyi yana karyo mata, cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, wannan ba dattin ciki ba ne da za a ce a bari ya fita. Likitoci sun ce irinsa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Iyakar da suka daɗe suna aiki da ita ita ce rabin lita, watau cikin ledar ruwan sha guda ɗaya da ake sayarwa a tasha. Kaɗan ne ƙwarai a ido, musamman in ya shige cikin katifa da tsummoki.

Ko ma'aikatan asibiti ido yana yaudararsu a nan. Wannan ne ya jawo babban gwajin da aka kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 210,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano ita ta shugabanci ɓangaren Nijeriya. Dabarar mai sauƙi ce. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, jini yana taruwa a ciki ana ganin yawansa. Da zarar ya kai iyaka, sai a yi mata dukan magunguna a lokaci ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a yi allurar tiraneksamik, a sa ruwa a jijiya, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. A da ana gwada su ne ɗaya bayan ɗaya, ana jira a ga ko na farko zai yi. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa asibitocin da suka bi sabuwar hanya sun gano ɓallewar jini ga mata 93 cikin 100 da abin ya sama, sauran asibitocin kuwa 51 kurum suka gano. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta ta ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan leda da waɗannan allurai a asibiti suke, ba sa bin mace zuwa ɗakinta. Saboda haka matar da aka riga aka gaya mata a wurin awo cewa jininta ya yi ƙasa, ko tagwaye take ɗauke da su, ko ta taɓa zubar da jini a wata haihuwa, hankali da Shari'a duka suna kiran a matsar da ita kusa da asibiti tun watanta bai kama ba, ko da a gidan dangi ne a cikin gari.

Abu na biyu shi ne jiran izinin miji. Maigida ya tafi ci-rani Legas ko ya kwana a gona, uwar miji da ungozoma suna kallon yarinya tana ƙarewa, kowa yana tsoron a ce shi ya fitar da matar wani. Lalle fitar mace da izinin mijinta ladabi ne na zaman aure da malamai suka tabbatar, amma ba malamin da ya ce wannan haƙƙi ya kai ga rai. Malaman usulu, irin su Imamu Gazzali da Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ƙaramin haƙƙi kuma ba ya tsayawa gaban babba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 7 a Jidda cikin 1992, ta yanke cewa neman magani wajibi ne in barinsa zai kai ga halaka, kuma a halin gaggawa da rai ke cikin hatsari ba a tsayar da magani don jiran izinin kowa. Ta ƙara da cewa ƙin yardar waliyyi ba abin dubawa ba ne in cutarwarsa ta bayyana. Duk da haka, abin da ya fi kyau shi ne maigida ya kawar da ruɗanin tun da wuri. Ya tara mahaifiyarsa da matarsa da wani maƙwabci amintacce ya ce musu, "In abu ya taso ba na nan, na ba da izini, ku tafi da ita." Ya kuma ajiye kuɗin mota a inda aka sani.

Haka nan batun likita namiji. Asali shi ne mace ta duba mace in akwai. In babu, ko jiran ta zai kai ga halaka, larura ta halatta namiji ya duba gwargwadon bukata. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin cewa su mata suna fita yaƙi tare da Annabi suna shayar da mutane, suna jinyar masu rauni, malamai kuwa sun kafa hujja da wannan a kan halaccin jinya tsakanin jinsi biyu in larura ta kama.

Sa'an nan ga haƙƙin da ke kan maƙwabta da masu wucewa. Akwai wata mas'ala a cikin Muhtasar na Shaihu Halil da ɗalibai sukan wuce ta da sauri, domin ta zo ne a babin yanka. A can ya ambaci cewa wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Cikin misalan da ya kawo har da mutumin da ke da zare, aka roƙe shi don a ɗinke raunin da ya huda cikin wani, ya hana, da wanda ya hana rarar abinci ko ruwa ga wanda ya matsu. Ya kuma ce mai zaren yana da haƙƙin a biya shi kuɗinsa in mabukacin yana da shi. Zare ke nan! To, ina ga mai mota ko mai babur da aka buga wa ƙofa, ya tsaya ciniki alhali mace tana zubar da jini? A bisa ƙiyasin wannan mas'ala, yana da haƙƙin kuɗin mansa da ladan tafiyarsa in akwai, ba shi da haƙƙin ƙin tafiya don babu. Sai fa in ya ji tsoro mai ƙarfi ga ransa saboda halin hanya, wannan uzuri ne da Shari'a ta sani, ba a tilasta wa mutum ya halaka kansa. Amma uzurin mutum ɗaya ba ya sauke nauyin daga gari, domin ceton rai faralul kifaya ne, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Dagaci da liman da masu hali su ne za su zauna tun da rana tsaka su tsara wace mota ce, wane direba ne, wa zai yi rakiya.

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wata dokar tarayya ta 2017 kuma ta wajabta wa asibitoci su yi wa wanda aka harba magani nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Ya kamata mutanen karkara su san da wannan, don tsoron tambayoyi yakan sa a ɓoye mai rauni a gida.

Kafin a isa asibiti, hannu yana da aikin da zai yi. Rauni mai zubar da jini, a danne shi da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, in ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a zuba ƙasa ko kashin shanu ko toka, domin suna kawo ciwon sandarewa da ruɓa. Nana Faɗima ta yi aiki ne da mafi kyawun abin da ke hannunta a ranar, koyi da ita shi ne a yi aiki da mafi kyawun abin da aka sani yau. Mai jego kuwa, a murza mata ciki ƙasan cibiya har a ji mahaifa ta yi tauri, a sa mata jariri a nono, a rufe ta kada sanyi ya kama ta, ana yi ana tafiya. In lokacin salla ya riski mai ceto, ceto ne a gaba, ko yana cikin salla ya yanke. In a watan azumi ne, majinyacin da ake jin tsoron halakarsa wajibi ne ya sha, ba zaɓi ba ne.

Ga yara kuma, babban abin da ke kai su gargara a damina shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yaro ya kama jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko ya yi ta amai, ko ya suma, sai a ce iska ce, a tsaya hayaƙi da turare. Addu'a da tofi na ayoyin Allah ba wanda ya hana, ana iya yinsu cikin mota. Wani gwaji da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da asibitin Ilorin, ya nuna a 2010 cewa allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai: yara 8.5 cikin 100 suka mutu a ɓangarenta, 10.9 a ɓangaren kwinin. Akwai ma irinsa na matsi da ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya sa wa ƙaramin yaro ta dubura don ya riƙe shi zuwa asibiti, amma riƙo ne kurum, dole a ƙarasa tafiyar.

Wani binciken kuwa ya zo da abin da likitocin kansu ba su zata ba. An daɗe ana ɗauka cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, a ɗura masa ruwa mai yawa a jijiya da sauri shi ne ceto. Da aka gwada a kan yara fiye da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, sai aka ga a 2011 cewa waɗanda aka yi wa haka sun fi mutuwa, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Wannan bai shafi mai gudawa da amai da ruwan jikinsa ya ƙare ba, shi ruwa ne maganinsa. Sai dai ya isa gargaɗi ga masu ɗabi'ar kiran mai kemis ya rataya wa yaro ledar ruwa a ɗaki duk sa'ad da ya yi laushi. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba shi da shi. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi, ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya zarge su da rashin tambaya alhali ba su sani ba. Su kuwa ba mugunta suka nufa ba.

Saura batun ƙarin jini, domin sau da yawa a kai mace asibiti a kan lokaci, a ce a kawo jini, dangi su watse. Wasu suna tsoron jininsu zai ƙare, alhali leda guda da ake ɗiba ba ta kai rabin lita ba, jikin lafiyayye kuma yana mayar da ita cikin 'yan makonni. Wasu kuma shakkar halacci ke hana su. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta halatta a 1988 a ɗauki abin da jiki ke sabuntawa, kamar jini da fata, daga wani mutum zuwa wani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuma ta yanke a 1989 cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa, watau ba ya haramta aure, kuma sayar da jini bai halatta ba, sai dai wanda ya matsu bai sami mai ba shi kyauta ba yana iya biya, laifin yana kan mai karɓa. Saboda haka miji yana iya ba matarsa jini in nau'insu ya dace, aurensu yana nan daram, haka ɗan baffa ga 'yar baffarsa da ake nufin haɗa su. Sanin nau'in jini kuwa gwajin 'yan mintoci ne, ana iya yinsa ranar da aka raka mace awo, a rubuta sunan mutum biyu ko uku daga dangi waɗanda nasu ya dace da nata a bayan katinta.